Su da kwalekwalen roba a tsakiyar hunturun Utah: yaya aka yi kogin bai daskare ba?

Ɗan_Sarkawa_Yauri
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana, ina so masu sani su warware min ita. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar Utah ta Amurka ya turo min bidiyo. Mutum uku ne a cikin kwalekwalen roba irin wanda ake hurawa da famfo, suna gangarawa cikin wani kogi tsakanin jajayen duwatsu, dusar ƙanƙara ta rufe gaɓa hagu da dama, biyu daga cikinsu kuma suna ta wurga fatsa. Wai a watan Janairu ne, wai sunan kogin Green River. Ni dai a gidan su aka haife ni, kuma abin da muka tashi muka tarar shi ne idan sanyi ya kankama kifi yakan sauka ƙasa ya lafe, ba ya kula ƙoto. Hunturun Yauri ke nan fa, wanda ko ruwan randa ba ya daskararwa. To ina ga ƙasar da ruwa ke zama dutse? Me ya hana kogin daskarewa alhali komai na gefensa ya daskare? Kuma wane kifi ne zai ci ƙugiya a wannan sanyi? Ni ina zargin haɗa hoton aka yi.

Baban_Khalifa
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ni abin da ya fi damuna ba kogin ba ne. Mutum yana da ɗaki, yana da bargo, yana da shayi, ya bar su ya shiga ruwa a kan roba. Wannan ai ba su ba ne, neman magana ne.

Injiniya_Bashir
Malam Ɗan Sarkawa, ba haɗi ba ne. Sirrin yana bayan kyamara: akwai madatsar ruwa a saman wurin. Sunanta Flaming Gorge, an kammala ta a 1964, tsayinta kusan mita 153, tana kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Dutch John a gefen tsaunukan Uinta. Tafkin da ta tara ya miƙe kusan kilomita 146, har cikin jihar Wyoming.

Ga yadda abin yake. Ruwa ya fi nauyi ne idan yana kan digiri 4 na ma'aunin Celsius, ba a kan sifili ba. Da hunturu ya shigo, ruwan saman tafki yana ta hucewa yana nutsewa har duk tafkin ya kai wajen digiri 4. Daga nan wanda ya ƙara yin sanyi sai ya zama ya fi na ƙasansa rashin nauyi, ya tsaya a sama, in ya daskare ma a saman zai daskare. Na can ciki yana nan a wajen digiri 4 har bazara. To injinan wutar lantarki na dam ɗin daga can ciki suke zuƙar ruwa su sako shi cikin kogi. Ruwa mai digiri 4, mai yawa, kuma yana gudu, ba zai daskare nan take ba. Sai ya yi tafiya mai nisa yana zubar da ɗuminsa tukuna ƙanƙara ta fara kama shi daga gefe. Shi ya sa masu sun hunturu suke taruwa a ɗan yankin da ke ƙasan dam.

Ɗan_Sarkawa_Yauri
Injiniya, digiri 4 kake kira ɗumi?

Injiniya_Bashir
Idan iskar waje tana ƙasa da sifili da digiri 10, ai shi ne mai ɗumin unguwar.

Sadiq_Logan
Kawu, ina wuni. Ashe nan ka kawo ƙarata. Wallahi ni ne a gaban kwalekwalen nan mai jar hula, ba haɗi. Wani abokin karatuna ɗan garin Vernal ne ya ɗauke mu, kwalekwalen na mahaifinsa ne. Mun saka shi a ruwa daf da ƙasan dam, muka fita a wani wuri da ake kira Little Hole, kusan kilomita 11 ke nan, shi ne zangon farko kuma wanda aka fi bi.

Maganarka ta cewa kifi na lafewa da sanyi gaskiya ce, can ma haka yake. Bambancin shi ne irin kifin. Tirawut ne, shi kuwa ɗan ruwan sanyi ne tun asali, zafi ne ma ke kashe shi. Da hunturu ba ya daina ci, ragewa yake yi, kuma ba ya bin abinci da gudu. Sai su taru a wuraren da ruwa ya yi zurfi ya yi sanyin gudu, su jera a ƙasa, abin da ruwa ya kawo bakinsu shi suke ɗauka. Ruwan kuma garau yake, kana kan kwalekwale kana hango su a jere kan tsakuwa, wutsiya kawai ke motsi. Aikinka shi ne ka kai musu ƙugiyar har baki. In ta wuce ta sama da taku ɗaya, ko kallonta ba za su yi ba.

Hajiya_Mai_Banda
Sadiq ɗana, da me kuke sa musu? Tana ake samu a ƙasar da ta daskare?

Sadiq_Logan
Hajiya ina wuni. Ai a wannan yankin doka ta hana ƙoto na gaske kwata-kwata, ba tana, ba ƙaramin kifi, ba gari. Sai na roba ko na ƙarfe, ko wanda aka ɗaura da zare da gashin tsuntsu. Abin da kifin ke ci da hunturu yawanci tsutsar wasu ƙananan ƙwari ce masu siffar sauro amma ba sa cizo, sai wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ke cikin gansakuka. To sai a naɗe jan zare ko baƙi a jikin ƙugiya ya yi kama da tsutsar. Ƙugiyar da muka yi aiki da ita ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. A sama da ita a matse ɗan dalma don ta nutse, can sama kuma a ɗaura ɗan abin da ke iyo. Idan ka ga ya tsaya ko ya ɗan nutse, sai ka ɗaga sanda. Wahalar duka tana wajen zura zare a idon wannan ƙugiya da yatsun da ba ka jin su.

Na_Gaya_227
Sannunku. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne tuƙin. Mu nan kan kogin Isa, wato Kwara, mai jirgi yana baya da filafili ko gora yana tura jirgi gaba. A bidiyon da Malam ya ɗora na ga mai tuƙi yana zaune a tsakiya da filafili biyu, yana fuskantar inda ruwa ya nufa, amma yana ja baya. Wane irin tuƙi ne wannan?

Sadiq_Logan
Malam Na Gaya, ka lura da kyau. Ba sauri ake nema ba, ruwa ne ke tafiya da kai. Aikin mai tuƙi shi ne ya rage wa kwalekwalen gudu, ya riƙe shi daidai da gudun zaren masu fatsa, don ƙugiyar ta tafi yadda tsutsa ta gaske za ta tafi ba tare da an ja ta ba. In ya hango dutse, sai ya juya bayan kwalekwalen zuwa inda yake son zuwa ya ja baya, ruwa ya zame da shi ta gefe. An ɗora wa robar firam na ƙarfe, da kujeru uku, da maƙalar filafili, da anga a baya mai igiya. Inji kuwa an hana kamun kifi da shi a wannan yankin. Mai tuƙi ba ya fatsa, amma shi kaɗai ne yake jin ɗumi a cikinmu.

Mai_Tirela_Wyoming
Ni ba masunci ba ne, amma hanyar nan na san ta, ina bin babbar hanya ta 80 da tirela, ina kuma sauka ta 191 wadda ta bi ta kan dam ɗin kanta ta nufi Vernal. Jama'a, kafin ku yi maganar haɗarin ruwa ku fara da haɗarin hanya. Gangaren da ke sauka Vernal lanƙwasa ne a kan lanƙwasa, da hunturu kuma kwalta takan yi ƙanƙarar da ido ba ya gani. Sannan gangaren da ake saka kwalekwale a ruwa, duk motar da ta fito da tirelarta tana ɗigar ruwa sai ta bar wa na baya santsi. Shi ya sa wasu ke zuwa da buhun yashi ko gishiri a bayan mota. A nan ne na roba ya fi na katako ko na ƙarfe, mutum uku za su iya zame shi a kan dusar ƙanƙara har bakin ruwa ba sai mota ta sauka ba.

Baban_Khalifa
Kun ji ko? Tun ba a kai ruwa ba an fara lissafin gawa.

Nas_Rabi_Winnipeg
Baban Khalifa wasa yake yi amma akwai gaskiya a ciki, kuma ina so Sadiq ya karanta wannan da kyau. Mutane suna tsoron sanyin iska, alhali ruwan ne ke kisa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya. Wani farfesa da ya yi aiki a Jami'ar Manitoba ta nan garinmu, Gordon Giesbrecht, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 1-10-1. Minti 1 na farko bayan ka faɗa ruwan sanyi, numfashinka zai ƙwace maka, za ka ja iska da ƙarfi ba da sonka ba, in kanka na cikin ruwa a lokacin to ruwa ka shaƙa. Aikinka a wannan minti shi ne ka riƙe kai a sama har numfashi ya daidaita. Sai minti 10 da hannu da ƙafa za su yi maka biyayya, bayan haka yatsu ba za su iya riƙe igiya ba ko an jefo maka. Sai kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Ka ga ke nan mafi yawan waɗanda ke mutuwa ba sanyin ne ya ƙarasa su ba, nutsewa suka yi tun da wuri saboda gaɓoɓi sun daina aiki. Iya iyo ba ya hana wannan. Ɗan Sarkawa ma da aka haifa a ruwa, a digiri 4 hannunsa zai mutu kamar na kowa. Rigar ceto ita ce maganar, a jiki, a ɗaure, ba a ƙarƙashin kujera ba.

Sadiq_Logan
Anti Rabi na gode. A wannan kogin ma dole ce, duk wanda ke kan kwalekwale sai ya sa ta a jikinsa, kuma ana dubawa.

Ɗan_Sarkawa_Yauri
Hajiya Nas, an taɓa min sana'a amma na haƙura. Sai dai maganar rigar ceto ko a nan gida ita ce. Duk shekara jirage na kifewa tsakanin Kebbi da Neja, mutane su tafi da yawa, ruwanmu kuwa ba sanyi gare shi ba.

Nas_Rabi_Winnipeg
Haka ne Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙarin abu ɗaya ga Sadiq: kada ka sa kayan auduga a ciki. Auduga in ta jiƙe da gumi ko ruwa ba ta bushewa, sai ta manne a fata ta yi ta shan ɗuminka. Ulu ko na roba. Kuma a samu busassun kaya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, da abin kunna wuta, domin a cikin kwazazzabon nan ba mota, hanyar ƙafa ce kawai a gefen kogin. Wandon roban nan mai zuwa ƙirji kuma a ɗaure shi da bel a ƙugu, in ba haka ba ya cika da ruwa ka kasa hawowa.

Hajiya_Mai_Banda
To duk na ji. Bayan wannan azaba, kifi nawa kuka kawo gida? Na ga a ƙarshen bidiyon wani ya ciro kifi mai kyau, mai ɗigo-ɗigo a jiki, ya yi kusan kamu biyu, sai na ga ya mayar da shi ruwa. Na ce ko idona ne.

Sadiq_Logan
Ba idonki ba ne Hajiya. Ko ɗaya ba mu kawo ba.

Hajiya_Mai_Banda
Innalillahi. Ka sha sanyi, ka ƙona mai, ka sayi lasisi, ka kama, ka saki. Ni da nake kwana gaban banda hayaƙi na cin idona saboda tarwaɗa, a ce min akwai masu yin haka.

Sadiq_Logan
Doka ba ta hana ɗauka gaba ɗaya ba. Ana barin mutum ya tafi da uku, biyu 'yan ƙasa da inci 15, ɗaya wanda ya haura inci 22. Na tsakanin nan, wato daga kusan santimita 38 zuwa 56, dole a mayar, kuma su ne aka fi kamawa, su ne kuma masu haihuwa. Amma yawancin masu zuwa ko na halak ɗin ba sa ɗauka. Hujjarsu ita ce mutanen da ke bin wannan ɗan yanki a shekara suna da yawan gaske, in kowa ya tafi da uku ba abin da zai rage. Garin Dutch John kuma da kifin nan yake ci: masu yi wa baƙi jagora a ruwa, masu hayar kwalekwale, masu kai maka motarka can inda za ka fita. Baƙo yakan biya ɗaruruwan daloli a wuni ɗaya. A wurinsu kifi mai rai ya fi na tukunya kawo kuɗi.

Malam_Na_Zaure
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma an zo inda ya kamata a yi magana. A mazhabarmu, cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, an faɗa a sarari cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce. Su kuwa farautar ruwa ce. Wanda ya huda bakin dabba, ya ja ta tana fama, ba don ya ci ba, ba don ya sayar ba, sai don ya ji daɗi ya ɗauki hoto, ni ban ga sunan da za a kira wannan ba in ba wasa ba. Ban ce haramun ba ne, kada a ɗora min. Amma Sadiq, in ka koma, ka yi niyyar ci, ka ɗauki abin da doka ta ba ka, wanda doka ta ce a mayar ka mayar. Ka ga ka fita daga saɓani.

Ummu_Hanan
Allah ya saka Malam. Amma ina da tambaya: mai yi wa baƙi jagora da wannan yake ciyar da iyalinsa, shi ma wasa yake yi?

Malam_Na_Zaure
Malama, shi sana'a yake yi, amma sana'ar taimaka wa mai wasa. Wannan sai an zauna, ba a nan ba.

Sadiq_Logan
Malam na ji, kuma zan yi tunani. Abin da zan ƙara kawai shi ne masu sakin suna da nasu ladabin. Ana matse ƙayar ƙugiya da filaya don ta fita ba tare da yaga ba. Ba a taɓa kifi da busasshen safar hannu, domin yana goge santsin da ke kare fatarsa. Kuma da hunturu ba a ɗaga shi sama a daɗe, saboda jajayen kunnuwan nan da yake numfashi da su suna iya daskarewa a iska. Abokina ko fito da shi daga ragar ba ya yi, a cikin ruwa yake zare ƙugiyar. Haka nan akwai wuraren da tsakuwa ta yi fari fes a ruwa marar zurfi, nan ne kifin ya share ya zuba ƙwai da kaka, ƙwan na nan a binne duk hunturu. Wanda ya taka wurin ko ya jefa anga a kai, zai ji magana daga sauran masunta.

Ɗan_Gashuwa
Ni fa duk wannan yabon dam ɗin ne bai kwanta min ba. Injiniya ya ba mu rabin labari. Kafin a gina shi, Green River ruwa ne ja mai laka, mai ɗumi da bazara, mai ambaliya idan dusar kan duwatsu ta narke. Kifayen da Allah ya halitta a ciki ba tirawut ba ne, wasu ne daban da suka saba da laka, kuma huɗu daga cikinsu sai da suka shiga jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. A 1962, gab da rufe dam ɗin, hukumomi suka zuba gubar kifi mai suna rotenone a ɗaruruwan kilomitoci na kogin don a share wa tirawut fili. Shi wancan mai ɗigo-ɗigon da Hajiya ta gani ma ba ɗan Amurka ba ne, daga Jamus aka kai ƙwansa a 1883. To an kashe ɗan gida, an kawo baƙo, yanzu ana lallaɓa baƙon ana cewa kada a taɓa shi da busasshen hannu.

Na faɗi haka ne don mu mun ga irinta. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a farkon shekarun 1990, ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja da Nguru ta ragu, ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ke sama ya samu noman rani, masuncin da ke ƙasa ya nade komarsa.

Injiniya_Bashir
Ɗan Gashuwa, ban musa ko ɗaya ba, tambayar da aka yi ita na amsa. Amma tunda ka buɗe, bari in ƙara. Shi kansa tirawut ɗin da farko bai ji daɗin dam ɗin ba. Da tafkin ya cika, ruwan da ke fitowa ya zama mai tsananin sanyi har da bazara, kifi ya daina girma. Sai a 1978 aka ƙara wa bakin bututun wasu ƙofofi da ake ɗagawa a sauke, don da bazara a ɗebi ruwan sama mai ɗumi. Daga nan kogin ya yi suna. Yanzu kuma akan saki ruwa mai yawa a ƙarshen bazara da gangan, a kwaikwayi tsohuwar ambaliya saboda waɗancan kifayen na asali da suka rage a can ƙasa. Wato kogin nan gaba ɗayansa da hannu ake juya shi. Ko yawan ruwan da Sadiq ya hau, wani ne a ofis ya yanke, gwargwadon buƙatar wuta. Yakan sauka har kusan mita kubik 23 a daƙiƙa, in an buɗe injinan duka ya kai wajen 130. Mutum na tsaye a tsakuwa ruwa iya gwiwa, kafin ya ankara ya kai ƙugu.

Ɗan_Gashuwa
To su sun tuna da na ƙasa ko da a makare. Mu har yanzu muna jira.

Baban_Khalifa
An fara da kifi an koma siyasar ruwa. Sadiq, ni tambayata mai sauƙi ce. Sallah fa? Da wane ruwan ka yi alwala?

Sadiq_Logan
Baba, da alwalata na fito daga masauki, na sa safa a kai. Rana gajera ce, ba a shiga ruwa sai hantsi ya ɗaga domin kifin ma sai wajen tsakar rana yake motsi, biyar na yamma kuwa duhu ya fara. Da azahar muka tsaya a wata gaɓa mai tsakuwa, na zuba ruwan zafi daga fulas na gauraya da na kogi. Abokaina suka kunna ɗan risho suka ɗora miya suna jirana. Abin da ya fi ba ni mamaki a wunin shi ne sandar fatsar. Zoben da zare ke bi ta ciki sukan cika da ƙanƙara har zaren ya ƙi tafiya, maganin kuma shi ne ka tsoma sandar cikin kogi ka kaɗa, ruwan ya narkar da ita. Igiyar anga ta sandare, ragar ɗebo kifi ta sandare. Kwalekwalen da muka hura ya yi tauri a bakin mota, yana taɓa ruwa ya yi laushi domin iskar ciki ta tsuke, sai da muka ƙara masa famfo. Ga gaggafa mai farin kai a kan itace tana kallonmu, ba kowa a kogin sai mu da wani kwalekwale ɗaya can gaba. Abokina ya ce da bazara sai ka bi layi kafin ka saka naka a ruwa, shi don wannan shirun yake zuwa da hunturu.

Na_Gaya_227
Wannan na gane shi. Masunci na gaske yana son ruwa lokacin da ba kowa.

Mai_Tirela_Wyoming
Hajiya Mai Banda, kada ki yi fushi, akwai naki kason. A saman dam ɗin, cikin tafkin, akwai wani kifi mai santsi mai gemu ɗaya a haɓa, burbot suke ce masa. Wasu ne suka kawo shi ba bisa ƙa'ida ba ya yaɗu yana cinye ƙwan sauran. Shi doka cewa ta yi in ka kama kada ka mayar da shi da rai, kuma ba iyaka. Da hunturu ɓangaren Wyoming na tafkin yakan daskare, mutane su huda ƙanƙara su zauna da dare suna ciro shi, har gasa ake shiryawa a kai. Namansa fari ne, ba ƙaya da yawa.

Hajiya_Mai_Banda
Yauwa, yanzu na ji masu hankali. Wannan in an samu itace mai kyau zai yi banda?

Mai_Tirela_Wyoming
Su dai soyawa suke yi ko su dafa su tsoma a man shanu. Banda sai kin zo kin koya musu.

Ɗan_Sarkawa_Yauri
To jama'a, maganar daskarewa Injiniya ya gamsar da ni, Kainji ma mun ga yadda dam ke sauya ruwa da kifi tun 1968. Amma maganata ta biyu tana nan daram. Sadiq da bakinsa ya ce kifin na lafewa a ƙasa, ba ya bin abinci, sai an kai masa har baki. Ai abin da na faɗa ke nan tun farko. Bambancin kawai su suna da lokacin zaman lallashin kifi ɗaya, mu kuwa gida ana jiran cefane.

Injiniya_Bashir
Ba daidai ba ne gaba ɗaya, Malam. Ƙarfasa tana daina ci ne a sanyin da tirawut yake ganin bazara ce. Ita ƙarfasa in ruwa ya sauka wajen digiri 10 mutuwa take fara yi. Shi kuwa a digiri 4 yana ci, har a ranar da aka yi lumshi ba iska, ƙwarin nan suka ƙyanƙyashe, yakan taso sama ya riƙa tsintarsu a fuskar ruwa ana dusar ƙanƙara.

Sadiq_Logan
Wannan na gani da idona Kawu, wajen ƙarfe ɗaya, a wani lungu da ruwa ke juyawa. Bakunansu kawai kake gani suna fitowa.

Ɗan_Sarkawa_Yauri
Kuma ka kama a nan?

Sadiq_Logan
Na wurga, zaren ya faɗi da ƙarfi, duk suka nutse.

Ummu_Hanan
Malam Na Zaure, ni fa ina nan ina jiran amsar mai jagora. In an ce sai an zauna, a faɗa mana ranar.

Ɗan_Gashuwa
Injiniya, kafin a watse, waɗannan ƙofofin na 1978 da sakin ruwan da ka ce ana yi da gangan, akwai abin da zai hana a yi irinsa a Tiga, ko kuɗi ne kawai?